Tsakanin Sakaci da Tajassusi: Lacca a kan Bayanan Sirri a Hannun 'Yan Sanda

Ya mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, masu shari'a da lauyoyi, manyan jami'an tsaro waɗanda suka baro ayyukansu suka halarta, ɗalibai, da sauran 'yan'uwa maza da mata: ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, domin mas'alar da aka ɗora mini, wato yadda 'yan sanda ke tattara bayanan sirri su gina aikinsu a kansu, da yadda suke musayar su da sauran hukumomi, da kuma iyakar da ya wajaba su tsaya a kanta game da sirrin mutane, mas'ala ce da ba ta son gaggawa. Galibin masu magana a kanta sun tafi a kan cewa duk abin da aka ƙara wa tsaro, to daga sirrin talakawa aka yanko shi, duk kuwa abin da aka bar wa talakawa na sirrinsu, ɓarayi da makasa ne suka ci ribarsa. Ni ban gamsu da wannan ra'ayi ba, kuma hujjata ba daga tunanina kawai na ciro ta ba. Daga abin da ya faru a ƙasar Ingila ne, inda wannan tsari ya samo asali, inda kuma aka fi rubuta kurakuransa a fili har kowa ya iya karantawa.

Aikin ɗan sanda na asali, a can da nan, ihu ne bayan hari. A fasa gida da dare, mai gida ya sammako caji ofis, a rubuta ƙararsa a kanta, a haɗa shi da kurtu su je su duba inda aka haura, sa'an nan a buɗe fayil wanda galibi ba za a sake jin ɗuriyarsa ba. A farkon shekarun 1990 laifuffukan da ake rubutawa a Ingila da Wales sun haura miliyan 5 a shekara, kuɗin da gwamnati ke ba 'yan sanda kuwa ba ya ƙaruwa daidai da haka, har hukumar da ke binciken kuɗaɗen ƙananan hukumomi da na 'yan sanda ta fitar da rahoto a 1993 tana ba su shawara su rage bin laifi ɗaya bayan ɗaya, su koma bin masu laifin kansu. Shawarar tana da tushe a ilmi, gama tun a 1972 wani malami Ba'amurke, Marvin Wolfgang, da abokan aikinsa sun bi diddigin yara maza kusan 10,000 da aka haifa a 1945 suka tashi a birnin Philadelphia, suka tarar cewa kashi 6 cikin 100 kacal daga cikinsu su ne suka aikata fiye da rabin dukan laifuffukan da aka rubuta wa tsararrakin nan. Idan haka ne, to hankali ya hukunta cewa sanin waɗannan 'yan kaɗan, da inda suke kwana, da wanda ke sayen kayan sata a hannunsu, ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan zagayen gari a mota ana jiran kira.

Wanda ya fara ɗabbaƙa wannan da gaske shi ne David Phillips, wanda ya shugabanci 'yan sandan lardin Kent daga 1993. Ya ware jami'ai waɗanda ba su da wani aiki sai tace labarai da gwama su, ya rage fita kan ƙananan ƙararraki waɗanda za a iya sallama ta waya, ya sa ya zamana manazarcin bayanai ne ke nuna inda za a tura ƙarfi. A shekarar 2000 aka tsara wannan ya zama manhaja ta ƙasa, aka kuma wajabta ta a kan rundunoni 43 na Ingila da Wales.

Akwai wani ɓangare na manhajar nan da nake so in daɗe a kansa, domin a ganina shi ne ƙashin bayan al'amarin duka, ko da yake shi ne mafi ƙarancin armashi ga masu son labarin leƙen asiri. Ba a yarda jami'i ya shigar da labari a rumbun bayanai haka kawai ba. Sai ya yi masa hukunci uku a kan takardar. Na farko a kan wanda ya kawo labarin: amintacce ne ko da yaushe, ko a galibin lokuta, ko jefi-jefi, ko an san shi da rashin gaskiya, ko kuwa ba a taɓa jarraba shi ba. Na biyu a kan labarin kansa: jami'in ya tabbatar da shi, ko mai kawowa ne ya gani da idonsa, ko ji ya yi amma wani labarin ya ƙarfafa shi, ko ba a iya yanke masa hukunci ba, ko ana zaton ƙarya ne. Na uku a kan wanda ya halatta a nuna wa takardar. An sauƙaƙa darajojin daga baya, amma asalin yana nan. Malamanmu na hadisi da ke zaune a nan na ga suna murmushi, kuma suna da gaskiya, domin ilmin jarhu da ta'adili ne wannan, wanda su Imamu Bukhari da Ibnu Abi Hatim suka ƙare rayuwarsu a kansa: wannan marawaici siƙa ne, wancan mai gaskiya ne amma yana da wahami, wannan majhuli ne, wancan kazzabi, sa'an nan bayan an gama da isnadi a koma kan matani. Magabatanmu sun gane tun fiye da shekara dubu cewa labari ba ya da daraja sai an san ta bakin wa ya fito da yadda ya same shi, sun kuma gane cewa yawan masu maimaita magana ba ya mai da ita gaskiya matuƙar duk daga mutum ɗaya suka ɗauko ta.

To, bari mu ga abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da wannan.

Ranar 4 ga Agusta, 2002, a wani ƙaramin gari mai suna Soham a lardin Cambridgeshire, wasu 'yan mata biyu ƙawaye, Holly Wells da Jessica Chapman, kowacce shekararta 10, suka fita daga gida da yamma ba su komo ba. Bayan kusan mako biyu aka tsinci gawarwakinsu. Wanda ya kashe su, Ian Huntley, shi ne mai kula da ginin makarantar sakandaren garin, kuma matar da yake zaune da ita ta yi aikin taimaka wa malama a ajin yaran a makarantarsu ta firamare. Aka same shi da laifi a Disamba, 2003, sai kuma abin da ya girgiza ƙasar fiye da hukuncin ya bayyana: ashe a garin Grimsby, inda ya taso, tsakanin 1995 da 1999 an kai ƙararsa wurin 'yan sandan Humberside a kan zarge-zarge 8 daban-daban na fyaɗe da lalata da ƙananan 'yan mata, babu ko ɗaya da ya kai ga hukunci, kuma a 1999 wani ƙaramin jami'i, wanda Allah ya ba basira, ya haɗa zarge-zargen nan wuri guda ya rubuta rahoto cewa mutumin nan ya mai da abin sana'a. Shekara ta zagayo aka goge rahoton daga kwamfuta.

Da Huntley ya nemi aikin makaranta a ƙarshen 2001, doka ta ce a bincika tarihinsa, an kuwa yi wani abu mai kama da bincike. Yana amfani da suna biyu, Huntley da Nixon. Aka duba babban rumbun ƙasa da sunan Nixon kaɗai. Wani ma'aikaci ya shigar da ranar haihuwarsa ba daidai ba. Takardar tambaya da ya kamata 'yan sandan Cambridgeshire su aika wa na Humberside, kwamitin binciken da Sir Michael Bichard ya jagoranta ya ga da wuya ƙwarai in an aika ta. Kuma ko da an aika, da ba ta tsinana komai ba, tun da abin da za a amsa da shi ya riga ya salwanta. Shugaban 'yan sandan Humberside, David Westwood, da farko ya ɗora laifin a kan dokar kare bayanan mutane, wai ita ta tilasta musu gogewa. Rahoton Bichard na Yuni, 2004, bai karɓi wannan uzuri ba: dokar ba ta hana ajiye bayanin da ke da dalili ba, abin da ya faru shi ne jami'ai ba su san abin da ya cancanci ajiya ba, ba su san wanda ke da ikon gogewa ba, shugabanninsu kuma ba su san cewa ba su sani ba. Daga shawarwarinsa 31 aka samar da ƙa'idar sarrafa bayanan 'yan sanda a 2005, da rumbun bayanai na ƙasa wanda ke ba kowace runduna damar ganin abin da 'yar'uwarta ta sani, wanda bai fara aiki sosai ba sai 2011.

Ku lura da wani abu mai nauyi a nan, ya ku masu shari'a. Duk abin da aka sani game da Huntley kafin 2002 zargi ne, ba hukunci ba. A idon kotu mutum ne marar laifi a wannan babi. Saboda haka wanda ya ce kada 'yan sanda su ajiye komai sai abin da alƙali ya tabbatar, ya sani cewa da ƙa'idarsa aka bi, da rahoton ƙaramin jami'in nan ma ba a rubuta shi ba tun farko. Ba za mu tsere wa ajiye zargi ba. Abin tambaya shi ne wane irin zargi, da wane sharaɗi, a hannun wa, har zuwa yaushe.

Amurka ta sha irin wannan ɗaci a babban ma'auni. Biyu daga cikin maharan 11 ga Satumba, 2001, hukumar leƙen asirin waje ta san da su tun Janairu, 2000, amma ba a sa sunayensu a jerin waɗanda ake sa wa ido ba sai a Agusta, 2001, alhali sun yi zamansu a birnin San Diego da sunayensu na gaskiya. Mu ma nan abin ya taɓa mu: a Nuwamba, 2009, wani dattijo mai mutunci ya yi abin da iyaye kaɗan ne za su iya, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya faɗi damuwarsa game da ɗansa, Umar Faruk Abdulmutallab, aka shigar da sunan a wani rumbu mai ɗauke da sunaye fiye da rabin miliyan, ba a sa shi cikin waɗanda aka hana shiga jirgi ba, kuskuren rubuta sunan kuma ya sa da farko ba a gane cewa yana da biza ba, har ya hau jirgin Detroit ranar 25 ga Disamba ya yi yunƙurin tarwatsa shi. Binciken da fadar shugaban Amurka ta yi ya nuna cewa bayanan suna hannu, haɗa su ne aka kasa. Rumbun da aka cika da ƙaiƙayi, ko da akwai tsaba a ƙasansa, mai gida da yunwa zai kwana.

Abin takaici, darasin da hukumomi da yawa suka ɗauka daga waɗannan musibu shi ne a ƙara tarawa. 'Yan sandan birnin New York suka kafa wani sashe wanda ke tura jami'ai cikin farin kaya zuwa masallatai da gidajen abinci da shagunan Musulmi, suna rubuta wanda ya shiga da hirar da aka yi, ba don ana tuhumar kowa da wani laifi ba, sai don addininsa da ƙasar da ya fito. 'Yan jarida suka tona al'amarin a 2011. A 2012 wani babban jami'in rundunar ya ba da shaida bisa rantsuwa cewa cikin shekaru 6 aikin sashen bai haifar da ko bincike ɗaya na ta'addanci ba. A 2014 aka rufe shi.

Amma misalin da na fi so ku gani kusa da kusa na Landan ne. Bayan tarzomar Agusta, 2011, rundunar 'yan sandan birnin ta buɗe wani kundi a 2012 na matasan da take zaton 'yan daba ne, kowa da makinsa da launinsa: ja ga mafi haɗari, ruwan ɗorawa ga na tsakiya, kore ga na ƙasa. Niyyar ba mummuna ba ce, domin yara na kashe juna da wuƙa a unguwanni. Sai dai ba a tsai da sharaɗin shiga ba, ba a kuma tsai da ƙofar fita ba. Da ƙungiyar Amnesty ta bincika, ta bayyana a 2018 cewa a Oktoba, 2017, akwai mutum 3,806 a kundin, ƙaraminsu ɗan shekara 12. Kashi 78 cikin 100 baƙar fata ne, alhali alƙaluman rundunar kanta sun nuna baƙar fata kashi 27 ne kawai na masu aikata munanan laifuffukan tashin hankali tsakanin matasa. Kusan kashi biyu bisa uku kuma suna cikin kore. Wani ya shiga ne saboda abokan da aka gan shi da su, wani saboda bidiyon waƙar da ya bayyana a ciki, wani kuwa saboda shi aka sara. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta yanke a Nuwamba, 2018, cewa an keta doka ta fuskoki da dama: ba a rarrabe wanda ya yi ta'adi da wanda aka yi wa, waɗanda aka ce an cire suna nan a wasu jerin na bayan fage, ana kuma miƙa kundin ga ma'aikatun gidaje da na ilmi da sauransu ba tare da wata yarjejeniya tsayayya ba. Ku kwatanta halin uwar da ake yi wa barazanar tashi daga gidan gwamnati saboda sunan ɗanta yana cikin wata takarda da ba ta taɓa gani ba, ba ta kuma san inda za ta kai kuka ba.

Ga masu cewa wanda bai yi laifi ba ba shi da abin ɓoyewa, ga amsarsu daga unguwar Newham ta Landan. A Janairu, 2017, wani ma'aikacin ƙaramar hukumar ya aika wa mutum 44 saƙon imel ɗauke da cikakken kundin yankin, da sunaye da adireshin gidaje da laƙabi da ƙungiyar da aka jingina wa kowa, na mutum 203. Cikin 'yan watanni hotunan shafukan suka fara yawo a Snapchat a hannun 'yan dabar da ke gaba da su. A shekarar an yi munanan hare-hare a unguwar, cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da masu suna a takardar. Hukumar kare bayanai ta ce ba za ta iya tabbatar da cewa fallasar ce sanadi ba, amma ta ci ƙaramar hukumar tarar fam 145,000 a 2019. A 2022 aka cire sunaye fiye da 1,000, a Fabrairu, 2024, aka soke kundin ɗungurungum aka maye gurbinsa da wani tsari.

Idan muka jera Humberside da Landan, za mu ga kamar kishiyoyi ne, ɗaya ta zubar da abin da ya kamata ta riƙe, ɗaya ta riƙe abin da ya kamata ta zubar. Amma da za a tsai da jami'in can da na nan a tambaye su, wa ya kawo wannan labari, yaya ya san shi, me ya sa kuke ajiye da shi, wa ya buɗe shi a makon jiya, yaushe za a sake duba shi, da dukansu biyu shiru za su yi. Cutar ɗaya ce. Tambayoyin da ke kare yaron Newham daga a shafa masa kashin kaji su ne dai tambayoyin da za su hana a goge rahoton Grimsby, domin duk jami'in da aka wajabta wa rubuta dalilin ajiya, an wajabta masa ke nan rubuta dalilin gogewa.

Shari'armu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Sura guda, Suratul Hujurati, ta haɗa ɓangarorin biyu: a aya ta 6 an umarci muminai da tabbatar da labarin da fasiƙi ya kawo kafin su auka wa mutane cikin jahilci su koma suna nadama, kuma mafi yawan malaman tafsiri sun ce ta sauka ne game da wani wakili da aka aika karɓar zakkar Banu Musɗaliƙ ya komo da labarin da ba haka yake ba, wato rahoton ma'aikacin hukuma ne, ba tseguman kasuwa ba, a aya ta 12 kuma aka haɗa hani a kan yawan zato da tajassusi da giba, kamar ana nuna mana cewa kowanne ɗan'uwansa yake haifarwa. Imamu Gazali ya kawo a Ihya'u ruwayar Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya haura katangar wani mutum da dare ya same shi cikin saɓo, mutumin ya kafa masa hujja da cewa in shi ya saɓa ta fuska ɗaya, to Sarkin Musulmi ya saɓa ta fuska uku, ya yi tajassusi, ya shigo ba ta ƙofa ba, bai kuma yi sallama ya nemi izini ba. Umar ya karɓi hujjar ya ƙyale shi a kan sharaɗin tuba. Sai dai fuƙaha'u ba su mai da wannan ya zama rigar sakaci ba. Imamu Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa na hukunce-hukuncen sarauta cewa muhtasibi ba ya bin diddigin abin da aka ɓoye, sai fa in wanda ya amince da gaskiyarsa ya ba shi labarin wata ɓarna da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar mutumin da ya keɓe da wani domin ya kashe shi; a nan bincike ya halatta. Ku dubi ƙaidodin da ya gindaya: mai labari amintacce, mafsada babba, lokaci ƙurarre. Larura ce, ita kuwa larura gwargwadonta ake auna ta.

Abin da kotunan Turai da dokokin Amurka suka cim ma bayan doguwar wahala bai yi nisa da wannan ba. A Disamba, 2008, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a kan Birtaniya a ƙarar mutum biyu daga Sheffield, ɗayansu yaro ne da aka kama yana ɗan shekara 11 kotu ta wanke shi, amma 'yan sanda suka ƙi goge zanen yatsunsa da bayanin ƙwayoyin halittarsa. Alƙalai 17 suka haɗu baki ɗaya cewa ajiyar da ba ta rarrabe mai laifi da wankakke, ba ta kuma da wa'adi, ta wuce gona da iri. Dokar 2012 ta biyo baya, aka goge bayanan mutum fiye da miliyan ɗaya. A Amurka kuwa akwai wata ƙa'idar tarayya, wadda ta samo asali tun 1980, da ta shafi rumbunan bayanan laifi masu cin kuɗin gwamnatin tarayya: ba a shigar da sunan mutum sai da tuhuma mai dalili wadda jami'i zai iya bayyanawa, ba a rubuta addininsa ko ra'ayinsa na siyasa sai in yana da alaƙa kai tsaye da laifin, ba a ba kowa bayanin sai mai haƙƙi da bukata, a kuma rubuta wanda aka ba, duk abin da ya kai shekara 5 ba a sake tabbatar da shi ba, a share shi.

Yanzu in juyo gida, a taƙaice, domin ku kun fi ni sanin halin da ake ciki. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Tun Disamba, 2020, aka umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, wanda ke nufin abin da hukuma za ta iya sani game da mutum a yau ya ninka abin da dogarai da 'yan doka suka taɓa mafarki. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗauke wa hukumomin binciken laifi wasu wajibai, amma ba ta sake su sakaka ba, kuma wannan shi ne abin da da yawa ba su lura da shi ba: ta bar a wuyansu manyan ƙa'idoji, cewa a tara bayani don manufa sananniya, kada ya wuce bukata, ya zama sahihi, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ake bukatarsa, a kuma tsare shi. Nassin yana nan. Abin da ya rage shi ne aiki da shi a ofishin baturen 'yan sanda na ƙaramar hukuma, inda galibin labari ke shigowa ta bakin infoma.

Shi kuwa infoma a ƙasarmu, kowa ya sani, yakan zo da gaskiya, yakan kuma zo da rikicin gona ko na neman aure a naɗe cikin rigar tsaro. Mai unguwa na da, in aka kawo masa sunan wani, kafin ya wuce da shi wurin dagaci ya riga ya san abin da ke tsakanin mai ƙara da wanda ake ƙara tun daga kakanninsu; kwamfuta ba ta san wannan ba, abin da aka ba ta shi take riƙewa, ta kuma miƙa shi Abuja da Legas cikin ƙiftawar ido da fuskar gaskiya. Ta ɗaya gefen kuma, dalilin da ya sa mutanen ƙauye ke ganin masu kai wa 'yan bindiga abinci da mai su yi gum shi ne tsoron kada sunan mai faɗa ya riga shi isa daji. Duk rundunar da ba ta iya tsare sirrin wanda ya taimake ta, ta yanke wa kanta hanyar labari da hannunta, kuma ba na'urar sauraron waya da za ta maye mata gurbin wannan.

Akwai wata ƙofa a dokokinmu da nake ganin za a iya shiga ta cikinta ba tare da jiran sabuwar hukuma ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta kafa rajistar bayanan laifi ta tsakiya a hannun 'yan sanda, ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma ɗora wa babban majistare, a sashe na 34, ziyarar caji ofis-ofis na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kamu, ya ga waɗanda ke tsare, ya ba da beli inda ya dace. Shawarata ga masu yin doka a jihohi da tarayya ita ce a faɗaɗa wannan ziyara ta haɗa da littafin bayanan sirri: majistare ya zaɓi shafuka kaɗan da kansa, ba waɗanda aka zaɓo masa ba, an rufe sunan mai kawo labari, ya ga ko an rubuta darajar labarin, da sa hannun wanda ya shigar, da sunayen waɗanda suka buɗe, da ranar da za a sake dubawa, shafin da ya rasa waɗannan, ya ba da wa'adin kwana 30 a cike shi ko a soke shi a gabansa a ziyara ta gaba. Abin da wannan zai ci bai wuce horar da sufeto ɗaya da magatakarda ɗaya a kowane ofishi ba, da kabad mai makulli, da man motar da za ta kai majistare ƙauye.